FILIN AMSA TAKARDUNKU: Shin Ciwon Daji Na Kama Baƙar Fata?

    

A wannan mako mun zaɓo takardu uku daga cikin jakarmu, domin duk da cewa daga wurare daban-daban suka fito, magana ɗaya suke yi. Dukkan masu takardun sun roƙi a sakaya sunayensu, mun kuwa sakaya.

Ta farko daga wani saurayi ne mai shekara 24, wanda ke saro hatsi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Dawanau. Ya ce ya ga wani likitan Turai a waya yana cewa kowane matashi ya riƙa tuɓewa yana duba fatar jikinsa sau ɗaya a wata saboda ciwon daji. To, tambayarsa ita ce: wannan magana ta Turawa ce kawai ko har da mu? Ya ƙara da cewa shi kansa akwai wani baƙin layi a farcen babban yatsan ƙafarsa, yau wata biyar ke nan.

To, malam, mun gode da takardarka. Amsa a taƙaice ita ce, har da mu. Sai dai inda ciwon ke kama Bature daban, inda yake kama mu daban. In ka ɗauki shawarar likitan nan kamar yadda ya faɗe ta, za ka yi ta dube-dube a inda ɓarawo bai shiga ba.

Bari mu fara da su Turawan. Akwai wani sinadari a fatar ɗan Adam da likitoci ke kira melanin, shi ne ke ba fata launinta. Mai baƙar fata yana da shi da yawa, Bature kuwa kaɗan gare shi. Aikin wannan sinadari kamar na rumfa ne, yana tare wani ɓangare na hasken rana wanda ido ba ya gani amma yana ɓata ƙwayoyin fata. Shi ya sa ƙasashen da ciwon ya fi yi wa ɓarna su ne Ostareliya da Niyu Zilan, inda jikokin mutanen Ingila suka je suka zauna a ƙasa mai zafin rana da fatar da ba a yi ta don wannan rana ba. Tun 1981 ake yekuwa a Ostareliya cewa a sa riga, a shafa man kare rana, a sa hula. Mafi muni a cikin ire-iren dajin fata shi ne wanda ake kira melanoma. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna cewa a 2022 ya kama mutum sama da 330,000, ya kashe kusan 60,000. A ƙasashen Turawa yana cikin ire-iren dajin da suka fi kama matasa, musamman 'yan mata masu shanya jiki a rana. Wannan ne ya sa likitan da ka gani yake magana da matasa.

Mu kuwa Allah ya ba mu rumfa. Ciwon bai kama mu da yawa kamar su ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai wuraren da rumfar ba ta kai ba. Juya hannunka ka dubi tafinsa. Ɗaga ƙafarka ka dubi tafinta. Ka ga launinsu ba ɗaya ba ne da sauran jiki. To, a nan ne melanoma ta fi fito wa baƙin mutum: tafin ƙafa, musamman dunduniya da wurin da ake taka ƙasa, da tsakanin yatsu, da ƙarƙashin farce, wani lokaci tafin hannu. Irin wannan ba ruwansa da rana. Likitocin fiɗa na manyan asibitocinmu, Zariya ne ko Kano ko Maiduguri, sun daɗe da sanin haka, domin akasarin masu melanoma da ake kai musu a ƙafa take, kuma akasari an makara.

Makarar nan ita ce ke kisa. A Amurka, inda suke riƙe da lissafi sosai, in aka kama melanoma tun tana wuri ɗaya ba ta bazu ba, kimanin 99 cikin 100 suna nan da ransu bayan shekara biyar. In kuwa ta riga ta kai huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa, kimanin 35 ne cikin 100. Ciwo ɗaya ne, bambancin kawai ranar da aka gan shi. Kuma a can ɗin ma, baƙar fata da ciwon ya kama sun fi Turawa mutuwa, saboda ba wanda ya zaci zai kama su, balle a duba.

Da yawanku kun san Bob Marley, mawaƙin nan na Jamaika. A 1977 aka ga wani baƙi a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, aka zaci rauni ne na ƙwallo, domin mutum ne mai son buga ƙwallo. Da aka gwada sai aka ga melanoma ce. Likitoci suka ce a yanke yatsan, bai yarda ba, sai farcen da naman ƙarƙashinsa aka cire. Ciwon ya bi jiki, ya rasu ran 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36. Mutum mai kuɗi, mai suna, wanda jirgi ke kai shi duk asibitin da yake so.

Yanzu kada hankalinka ya tashi, malam mai hatsi, mu zo kan farcenka. Baƙin layi a farce abu ne da ya yawaita ga baƙar fata, kuma galibinsa ba kome ba ne. In ka duba yatsunka ka ga layukan a farce biyu ko uku ko fiye, sirara, launinsu ɗaya, sun daɗe ba su sāke ba, to wannan halitta ce. Haka kuma mai ɗaukar buhu ba ya rabuwa da tuntuɓe da faɗuwar kaya a ƙafa, jini kan kwanta a ƙarƙashin farce ya yi baƙi. Yadda za ka gane jini kuwa shi ne, yana tafiya tare da farce. Wata-wata za ka ga baƙin yana matsawa gaba, sabon farce mai tsabta yana fitowa daga gindi. Farcen ƙafa ba ya sauri, yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya sabunta duka, amma a wata biyar ya kamata a ce ka ga alamar matsawa. Wanda ake tsoro shi ne layin da ke farce ɗaya tak, ya taso tun daga gindi bai gusa ba, yana ƙara faɗi, launinsa wani wuri baƙi wani wuri ruwan ƙasa, ko baƙin ya tsallaka ya hau fatar da ke kewaye da farcen, ko farcen ya fara tsagewa yana jini. In naka ya yi kama da wannan, kada ka jira kakar bana ta wuce. Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano ba nisa, ka sauke kaya ka je a duba.

Ka kuma tambayi yadda ake duba jikin. Ba wani abu ne mai wuya ba, kuma ba a biyan ko kwabo. Sau ɗaya a wata ya isa. Ka ɗaure shi da abin da ba za ka manta ba, misali Juma'ar farko bayan tsayuwar wata, lokacin wanka. A yi shi da rana, a hasken Allah, ba da fitila ba. Ka dubi fuska da kunnuwa da leɓe a madubi, ka dubi hannuwa gaba da baya, da hammata, da ƙirji da ciki, da matsematsi da al'aura. Baya da ƙeya sai ka sa ɗan'uwanka ko maiɗakinka. Fatar kai kuwa, wanzaminka ya fi ka ganinta, ka ce masa in ya ga wani abu sabo ya gaya maka. Mata ku gaya wa mai kitso haka. Sa'an nan ka zauna a kan turmi ko kujera, ka ɗora ƙafa a gwiwa, ka wanke tafin ka goge, ka buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Mai yin alwala sau biyar a yini hannunsa na kan ƙafarsa kullum, amma ku faɗi gaskiya, mutum nawa ne ke juya tafin ya kalla? Mata masu ƙunshi, ku duba kafin a ɗaura lalle, domin lalle na rufe abin da ke ƙarƙashinsa makonni.

Me kake nema? Tun 1985 wasu likitoci a birnin Niyu Yok suka tsara alamomin da za a lura da su a jikin tabo ko tawadar Allah. Tabon da in ka raba shi biyu rabin nan bai yi kama da wancan ba. Wanda bakinsa ba a zagaye yake sumul ba, ya yi kamar tawada ta zube a takarda ta nashe. Wanda launinsa ya gauraya, ga baƙi ga ja ga toka-toka. Wanda ya wuce milimita 6, wato ya ɗara ƙwayar waken suya. Daga baya, a 2004, aka ƙara ta biyar, wadda a ganinmu ta fi sauran duka amfani ga mutumin ƙauye: tabon da ke sākewa. Yana girma, ko ya taso, ko ya soma ƙaiƙayi, ko jini. Tawadar da aka haife ka da ita, tana nan yadda ka san ta tun kana yaro, bar ta ta huta. Baƙuwar da ta zo bara, bana ta ninka, ita ce abar tuhuma.

Ido kan yi mantuwa, saboda haka ga dabara. Mai waya ya ajiye tsinken ashana kusa da tabon ya ɗauki hoto, wata mai zuwa ya sake ɗauka ya gwada. Wanda ba shi da waya ya sami farar leda, ya ɗora a kan tabon, ya bi bakinsa da biro ya zana, ya adana ledar. In wata ya zagayo ya sake ɗorawa. In tabon ya fita daga zanen, ka sami amsarka.

Akwai wani bincike da aka buga a 1996, wanda aka yi a jihar Kanetikat ta Amurka, da ya kiyasta cewa duba jiki da kai na iya rage mutuwa daga melanoma da kashi 63 cikin 100. Amma a cikin mutanen da aka tambaya, kimanin 15 ne kacal cikin 100 ke yi. Ka ji, har a can ma ƙyuya ce ta fi yawa.

Wani abu kuma da ya kamata mu faɗa wa matasa ƙarara. Irin melanomar nan ta tafin ƙafa ta fi kama wanda ya haura hamsin. Kai mai shekara 24 haɗarinka kaɗan ne. Amma tsohonka fa? Shekara arba'in yana noma ba takalmi, ƙafa duk kaushi da faso, bayansa ba ya lanƙwasuwa balle ya ga dunduniyarsa, idon ma ya yi rauni. In ya ji ciwo sai ya ce ƙaya ce ta bara ba ta fita ba. To, ku ne idonsu. Ranar da ka duba taka ƙafar, ka ɗebi ruwa ka je ka ce, Baba, kawo in wanke maka ƙafa. Ka sami lada, ka kuma ga abin da ke wurin.

Takarda ta biyu daga wani magidanci ce a ƙasar Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar. Ɗansa zabiya ne, shekararsa 19, shi ne ƙarfin gonarsa. Ya ce ƙeyar yaron da saman kunnuwansa sun yi wani ɓawo-ɓawo mai kaushi, ɗaya kuma a kunne ya zama miki, an yi ta shafa man shanu da garin magani wata uku bai warke ba.

Malam, a nan ba za mu yi maka kwana-kwana ba. Duk abin da muka faɗa a baya cewa haɗarin matashi kaɗan ne, ban da ɗanka. Zabiya an haife shi ne ba tare da rumfar nan ta melanin ba, ko kuma 'yar kaɗan gare shi. Fatarsa ta fi ta Bature rashin kariya, ga shi kuma yana ƙarƙashin ranar Maraɗi. A ƙasashenmu na Afirka dajin fata na cikin manyan abubuwan da ke kashe zabiya, kuma yana kama su ne tun suna shekara ashirin da 'yan kai, da yawa ba sa kaiwa arba'in. Irin nasu ba baƙin tabo ba ne. Yakan fara ne da wannan ɓawon da ka kwatanta, mai kaushi in ka shafa, a wuraren da rana ke duka: fuska, leɓen ƙasa, kunne, ƙeya, kafaɗa, bayan hannu. A wannan mataki bai zama daji ba tukuna, kuma likitan fata na iya kashe shi da wani ruwa mai tsananin sanyi cikin 'yan mintoci. In aka bar shi, wani daga ciki sai ya zama miki mai tudun baki wanda ba ya warkewa. Mikin kunnen ɗanka na wata uku, ka kai shi babban asibiti a wannan makon, ba wata mai zuwa ba. In ya kama a tura ku gaba, akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai.

Mun san abin da ke ranka, wa zai yi maka noma? Amma ka auna. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto a 2023 cewa kusan ɗaya cikin uku na masu mutuwa da dajin fata wanda ba melanoma ba, aiki a cikin rana ne sanadinsu. In ya zama dole ya je gona, ya fita da asuba ya dawo da hantsi, ya koma bayan la'asar. Tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma inuwa ce wurinsa. Ya sa malfa mai faɗin baki, ba hula ƙube ba, domin ƙube ba ta rufe kunne da ƙeya. Riga mai dogon hannu, mai kauri wadda in ka ɗaga ta ba ka hango rana ta ciki, da rawani ko ƙyalle a wuya. Man kare rana mai lamba 50 a jikin kwalbarsa yana da amfani ƙwarai, a shafa a maimaita bayan awa biyu in ana gumi, sai dai tsada gare shi. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya wajaba ƙasashe su tanada, saboda zabiya. Kafin ya iso shagon ƙauyenku da araha, malfa da riga suna hannunka yau. Mafi alheri ma, ka nema masa sana'ar cikin rumfa, tireda ce ko awo ko kiwon kaji. Shi kuma ba sau ɗaya a wata zai riƙa duba jiki ba, duk mako ne, kuma likita ya gan shi ko da sau biyu a shekara ko ba ya jin kome.

Tun da mun taɓo zancen, bari mu ɗan ratse. Har yanzu akwai gidajen da ake ɗora wa uwa laifin haihuwar zabiya. Wannan jahilci ne. Sai uba da uwa duka suna ɗauke da irin a jininsu ake haifar zabiya, ko da su biyun baƙaƙe ne wuluk, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko gaisawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 13 ga Yuni ta kowace shekara domin tunawa da su, an fara tun 2015.

Takarda ta uku wata baiwar Allah ce mai sayar da man gyaɗa ta aiko daga wajen Funtuwa. Mahaifinta ya ƙone a ƙwauri tun yana saurayi, wurin ya yi tabo, yakan fashe ya warke, ya fashe ya warke. Bana kuwa gyambon ya ƙi rufewa, ya yi tsiron nama, yana wari, ga kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Wanzami ya ce a yi sakiya.

Malama, kada a yi. Tsohon tabon ƙuna da tsohon gyambo suna iya rikiɗewa su zama daji bayan shekara ashirin ko talatin. Likitoci na kiransa gyambon Marjolin, da sunan wani likitan fiɗa na Faransa da ya yi bayaninsa a 1828, kuma a ƙasashenmu yana cikin dajin fatar da aka fi gani, saboda yawan gyambon da ba a kula da shi ba. Alamominsa su ne waɗanda kika lissafa da bakinki: bakin gyambo ya yi tudu ya juye waje, nama ya tsiro, wari ya sāke, jini na fita da an ɗan taɓa. Sau da yawa ma ba ya zafi sosai, abin da ke yaudarar mutane ke nan. Kaluluwar na iya zama ta ƙwayoyin cuta ce kawai, tana kuma iya zama alamar ciwon ya fara tafiya. Ba mai iya rabe wannan da ido, ko likita ne. Sai an yanki ɗan ƙaramin nama an kai ɗakin gwaji an duba. Daga Funtuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika shi ne kusa da ku.

Mun san maganar da ake yi a gari, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙar asibiti sai ya haukace. Ga inda wannan magana ta samo asali. Mutum zai shekara biyu yana jiƙo da shafe-shafe da turare, sai ciwo ya gama bin jiki a ɗauke shi ranga-ranga a kai asibiti. A yi aiki, bayan wata biyu ya cika, sai a ce wuƙa ce. Wanda aka cire wa nasa tun yana kamar ƙwayar wake, da allurar kashe zafi, ya koma gida ran nan, ba wanda ke ba da labarinsa, domin yana can gonarsa yana huɗa. Abin da ke tayar da ciwon shi ne tsaga da sakiya da ƙona shi da kanwa ko ruwan batir, domin saman ake ci, saiwar na nan a ƙasa, kuma an ɓata wa mai gwaji abin da zai duba. Ta wajen kuɗi ma haka ne. Na farko kuɗin mota ne da na gwaji, na ƙarshe kuwa shi ne ke sa a sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona, ƙafar ma a rasa ta.

Ba kowane miki ne daji ba, kada mu sa ku zargin kowane ƙurji. Makero da ƙazuwa da ƙyasbi da maruru duk suna da maganinsu mai sauƙi. Gyambon da ya ƙi warkewa a ƙafa yakan zama na ciwon suga ne. Tabo mai haske wanda in an taɓa shi da auduga ba a ji, a je a gwada kuturta, maganinta kyauta ne tun 1995. Tabbai masu duhu da yawa a ƙafafu tare da kumburi, a yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, domin akwai wani nau'in dajin fata da ke bin ta. Masu shafa man bilicin kuma, ku sani rumfar nan kuke yayewa da hannunku, kuma likitoci a Dakar ta Senegal sun ba da rahoton dajin fata ga matan da suka shekara da shekaru suna shafawa. Ma'aunin da za ku riƙe shi ne wata guda: duk mikin da aka wanke, aka sa magani, ya kai wata bai kama hanyar warkewa ba, a kai shi asibiti, kuma in ma'aikacin ƙaramin asibiti ya ci gaba da ɗaure shi kawai, ku roƙe shi takardar tura ku babba.

Lokaci ya cim mana. Mai takardar da ya yi tambaya kan tsutsar da ke cin masara, da mai tambaya kan ajiyar wake ba tare da maganin feshi ba, ku yi haƙuri, naku na mako mai zuwa ne in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da takardu, a kuma riƙa rubuta sunan gari da kyau yadda za mu iya karantawa. Mu kwana lafiya.